Binciken mantuwar tsufa a Damagaram: na shiga, Yaya ta fita

Tun da labari ya bazu a Zango cewa na sa hannu a takardar likitocin nan masu binciken ƙwaƙwalwar tsofaffi, da wuya in fito daga sallar La'asar ban samu mai tare ni ba. Wani ya ce nawa suke biya, wani ya ce ina suke kai jinin mutane, akasari kuwa maganin mantuwa suke tambaya, ko don kansu ko don wata tsohuwa da ke gida. Na gaji da maimaitawa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. Kuɗi dai ba a biya, sai jaka biyu na kabu-kabu. Magani babu. Amma aikin ba na banza ba ne, kuma da za su gyara wasu abubuwa da zan faɗa, da ban ji nauyin tura kowa ba.

Ni mushe ne mai ritaya, kimiyyar halittu na koyar a kwaleji har ƙarfi ya fara ja da baya. Ban je ni kaɗai ba. Na tafi da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda take zaune a gidana tun rasuwar mijinta, ita ce ma dalilin zuwana. Yaya ta shiga gigin tsufa. Sai ta idar da Azahar, carbi na hannunta, ta tambaya ko an kira salla. Ta ƙulle kuɗi a bakin zane, ta manta, ta tayar da gida wai jikanya ta ɗauke. Amma ka tambaye ta wa ya auri wa a Birni zamanin Diori, za ta jero maka har da sadaki. Likitan ya ce haka ciwon ya saba farawa, domin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon abu shi ne kan fara lalacewa. Kamar rumbu ne, damin da aka saka a ƙarshe shi ake fara cirewa, na ƙasa ya daɗe.

Ta hannun mai unguwa suka shigo. Aka yi shela cewa ana neman masu shekara sittin zuwa sama, masu mantuwa da marasa ita. Mutane da yawa rabin farko kawai suka ji, suka ɗauka duk wanda ya je ya amsa cewa ya ruɗe ke nan. Alhali aikin ba ya yiwuwa sai da lafiyayyu, don sai an ɗora wannan kusa da wancan ake gane abin da ya raba su. Likita ɗaya ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da ɗalibansa maza da mata, da majo mai ɗibar jini, an ba su aron ɗaki biyu a wani asibitin unguwa.

Inda na fara ba su maki shi ne takardar yarda. Da Faransanci aka rubuta ta, amma wata ɗaliba ta zauna ta mayar mana da ita Hausa tun daga sama har ƙasa, ba ta tsallake wurin da ba daɗi ba: cewa wannan bincike ne ba jinya ba, cewa mai yiwuwa amfaninsa ba zai iske mu da rai ba, cewa duk ranar da mutum ya ga dama zai iya janyewa ba sai ya faɗi dalili ba. Mu mutanen Damagaram ba sai an koya mana tsoron gwaji ba. Kano na nan kusa, kuma manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a ciki, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Saboda haka ban ji kunya ba na ce a nuna mini izinin kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike a Yamai. Likitan bai ɓata rai ba, ya buɗe jaka ya miƙo mini takardar da hatiminta. Duk wanda zai je ya tambayi wannan takarda. Haƙƙinsa ne, kuma ƙa'idar neman yardar mutum kafin a yi bincike a jikinsa tana rubuce a sanarwar Helsinki ta 1964.

Na kuma lura ba su wadatu da sa hannuna a madadin Yaya ba. Ɗalibar ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, kin yarda mu yi hira, mu ɗebi jini kaɗan?" Yaya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kishiya, me za ki yi da jinina, ko naki ne ya ƙare?" Yarinyar ta karɓe wasan jika da kaka nan take, ta ce ai so take ta gano sirrin da ya sa maigida ya fi son tuwon Inna. Daga nan Yaya ta saki jiki ta dangwala yatsa. Wannan ba a lekwal ake koyar da shi ba, kuma shi ya ɗauki aikin ranar gaba ɗaya.

Sai maganar shekaru. Katin Yaya ya ce 1 ga Janairu, kamar na kusan duk sa'o'inta, shekarar ma ƙiyasin wani magatakarda ce. Ɗalibar ta ajiye katin gefe. Ta tambaye ta ko ta yi wayo lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, Yaya ta ce ta fara tallan goro. Lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 fa? Tana goyo na uku. Yunwar El Buhari ta 1984? Nan sai da aka tsayar da ita, don ta fara lissafa farashin tiyar hatsi. Da haka aka fitar da shekarunta, kuma na fi amincewa da wannan lissafi a kan na kati.

Gwajin kansa tambayoyi ne, babu na'ura, babu allura a kai kamar yadda ake ta yaɗawa. An bar ni na zauna bayan Yaya da sharaɗin in kama bakina. Na je da fargaba ɗaya. Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, maki 30 ne, kuma a ciki ana cewa mutum ya rubuta jimla, ya kwafi zane, ya riƙa cire 7 daga 100. Wadda ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba za ta faɗi ko da ƙwaƙwalwarta ƙalau take, a rubuta mata ciwon da ba ta da shi. Waɗannan ba su yi haka ba. Lissafi da kuɗi suka yi shi: kin je Kasuwar Dole da dala ashirin, kin sayi daddawa ta dala bakwai, nawa za a maido miki? Kafin yarinyar ta rufe baki Yaya ta ba da amsa, ta ƙara da cewa an cuce ta a daddawar.

Maimakon zane, ashana huɗu aka zuba a kan tebur. Ɗalibar ta jera su suka yi wata siffa, ta wargaza, ta ce Inna ta maimaita. A Ibadan aka ƙirƙiro wannan dabara domin tsofaffin da ba su yi boko ba, kuma har inda kan ashana ya fuskanta ana dubawa. Na ga hannun Yaya ya ajiye uku daidai. Ta huɗun ta riƙe ta a sama, tana juya ta, tana duban sauran, ta rasa inda za ta shiga. Can sai ta tattara su duka ta mayar cikin kwali ta ce ba a wasa da ashana, yara na gani.

Akwai na dabbobi: ka faɗi duk waɗanda ka sani cikin minti ɗaya. Ni da na shekara da shekaru ina koyar da rabe-raben halittu, na fara da zaki da giwa, sai na tsaya ina tunanin ajinsu, lokaci na tafiya. Yaya kuwa daga tsakar gida ta faro, akuya, tunkiya, kaza, zabo, agwagwa, ta fita ƙofa ta ɗauko jaki da raƙumi, ta shiga daji da kura da dila da bushiya. Saura kaɗan ta kamo ni. Inda aka rabu shi ne kalmomi goma. Ana karanta maka su sau uku, a ɗauke hankalinka da wani abu, sannan a ce ka maido su. Na maido shida, da gumi. Yaya ba ta maido ko ɗaya ba, ta ma rantse ba a faɗa mata komai ba. Ɗalibar ta rubuta abin da za ta rubuta, fuskarta ba ta canza ba, ta wuce tambaya ta gaba. Na yaba mata wannan.

Tambaya ɗaya ce na ga ba ta da ƙarfi a garin nan, na kuma faɗa wa likitan. Ana tambayar sunan sarki don a ga ko mutum na tare da zamaninsa. To Sarkin Damagaram Abubakar Sanda ya hau tun 1978, in ban da shekarun da aka sauke shi daga 2001 zuwa 2011. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya shekara talatin baya ma zai ci wannan maki. Yaya ta ci shi. Da aka tambaye ta shugaban ƙasa ta ce Tandja.

Yanzu ga inda suka gaza.

Duk waɗanda aka kira ranar, lokaci ɗaya aka ba mu, da sassafe, kuma aka ce kada a karya kumallo saboda awon suga. Majo ɗaya ne, ɗaki biyu ne. Tsofaffi suka jeru a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, inuwa na gudu suna bin ta, ba randa ba buta, a garin da kowa ya san ruwa sai an tanada. Wasu ba a kira su ba sai da rana ta take. Ka ɗauki dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ciki wayam tun daren jiya, ka ce ya riƙe kalmomi goma, yunwarsa ka auna ba ƙwaƙwalwarsa ba. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a ɗebi jinin kowa da wuri, a ba shi koko da ƙosai, sannan a fara tambaya.

Zaman bencin ya haifi wata ɓarna da duk tsohon malami zai gane da gani. Wanda ya fito sai a rufe shi da tambaya, shi kuwa don zumunci sai ya fara karanto kalmomin. Da kunnena na ji wani dattijo na bitar huɗu daga ciki kafin a kira shi, yana ƙirgawa da yatsu. Shi a ganinsa jarrabawa ce, kuma ba ya son ya ji kunya gaban yara. Ba wanda ya zauna ya fahimtar da su cewa wanda ya ci da satar amsa kansa ya cuta, ya kuma ɓata lissafin kowa. Shi ya sa ban rubuta ko ɗaya daga kalmomin a nan ba.

Babban laifin kuwa a hirar ƴan uwa yake. Tsarin aikin ya tanadi a tambayi wanda ke zaune da tsoho, kuma daidai ne, don mai ciwon shi ne na ƙarshen sanin yana da shi. Amma labule kawai ya raba inda nake da inda aka zaunar da Yaya. Ɗalibin da ya yi mini tambayoyin murya gare shi. Tana mance inda ta ajiye kaya? Tana zargin mutane da sata? Ta taɓa ɓata a unguwa? Tana iya kama ruwa da kanta? Na rage murya, shi kuma sai ya maimaita amsata da ƙarfi yana rubutawa. Kunnen Yaya lafiya lau yake. A hanyar gida ba ta ce uffan ba, sai da muka shiga zaure ta ce, "Auta, ashe ƙarata ka kai." Abin da ya ba ni mamaki, wadda ba ta riƙe kalma ɗaya cikin goma ba, wannan ta riƙe shi. Ba ta tuna me aka ce, amma tana tuna an ci mata fuska a wurin. Na koma na faɗa wa likitan. Ya ba da haƙuri, kuma na ji daga baya sun mayar da wannan hira wani ɗaki daban. Ga Yaya dai an makara.

Game da jini, kwalba biyu ƙanana aka ɗiba. Ana duba suga da kitsen jini, da bitamin B12, da aikin ƙwayar wuyan nan mai jawo maƙoƙo, domin ƙarancin waɗannan biyun na ƙarshe na iya kawo mantuwa mai kama da gigin tsufa alhali tana da magani. Akwai wani gurbi daban a takardar, na yarda a ajiye sauran jinin a aika waje don binciken ƙwayoyin gado. Na amince a kaina, na ƙi a kan Yaya, don ban ga ta fahimci wannan sashe ba, kuma ba su matsa ba. Jita-jitar cewa za su zo su cire ƙwaƙwalwar mutum bayan ya rasu ba gaskiya ba ce, babu wannan a takardar. A Amurka an yi hakan da yardar masu ita: wasu mata masu zaman ibada na coci su 678 sun amince, a wani bincike da aka fara a 1986, a riƙa gwada su duk shekara a kuma duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. Mu da ake sallatar mamaci kafin makwabta su gama jin labari, ba na jin wani zai kawo mana wannan magana.

Me muka samu? Ni an gano hawan jinina ya kai 17/10, ina yawo da shi ban sani ba, ina ɗora ciwon kai a kan rana. Yaya an ga yanar ido a idonta na hagu. Aka ba mu takardar zuwa ganin likita, sayen magani kuwa daga aljihunmu. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Amma wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo, kuma hawan jini, suga, raunin ji, raunin gani, taba, kaɗaici da ƙarancin karatu tun yarinta duk suna ciki. Wani malami a kan benci ya ce mahaddacin Alƙur'ani ba ya ruɗewa, ya janyo ayar nan ta 70 a Suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. Likitan ya amsa da ladabi, ya ce ƙwaƙwalwar da ake aiki da ita kullum ta fi juriya, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ya miƙo hannu a auna. Aka auna, nasa ya fi nawa.

Na matsa masa a kan magani, bai yaudare ni ba. Ya ce akwai ƙwayoyi irin su donepezil da kan ɗan sassauta alamun na wani lokaci, ba sa tsayar da ciwon. Sabon da Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, ƙarin ruwa ne duk mako biyu, sai a farkon ciwo, sai ana bibiyar mutum da hoton ƙwaƙwalwa, kuma kuɗinsa a 2023 dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 15 na sefa. Duk wanda ya zo muku da kwalba a tasha ya ce tana maido da tunani, kuɗinku yake so.

To me ya sa mutum zai ba da safiyarsa da jininsa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, amma akasarin abin da aka sani a kansa daga jikin Turawa aka samo shi. Lokacin da aka gwada a yankinmu an ga abin mamaki. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar garin Indiyanapolis na Amurka ya samu ciwon a wajen kashi 2 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama a Ibadan, a can kuwa wajen kashi 8. Ko abinci ne, ko zaman gandu da jikoki, ko wani abu a jini, har yau ana nema, kuma ba za a samo shi ba in tsofaffinmu ba sa cikin lissafi. A Nijar kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, hankalin likitoci na kan haihuwa da tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai a wannan rata tsohuwar da ta fita da dare tana neman gidan ubanta da aka rushe tun tuni, ita ake nunawa da baki a ce mayya ce.

Sakamakon jinin da aka ce za a kira mu a ba mu, har yanzu shiru. Lambar salular da ke jikin takardar tana shiga, ba a ɗauka. Wannan ma na ƙirga shi cikin gazawarsu, don wanda ya ba ka jininsa ya cancanci ka faɗa masa abin da ka gani a ciki. An ce za a sake zagayowa baɗi a maimaita gwajin, domin canjin da ke tsakanin shekara da shekara shi ne ainihin abin da suke nema. Ni zan koma in Allah ya kai mu, da gorar ruwana, kuma zan nemi sakamakon bara kafin in miƙa hannu.

Yaya ta ce ba za ta sake taka wurin ba. Na tambaye ta a ranaku daban daban, don kada a ce fushin lokaci ɗaya ne, amsar ba ta canza ba. Na rubuta takardar janyewa da sunanta, na nemi a zubar da abin da ya rage na jininta, na kai da kaina. Ba wanda ya roƙe ni in sake shawara. Majo ya karɓa, ya buga hatimi a kan kwafina ya miƙo mini.